Ƙullin da Bahago Ya Binne a Katanga

Ranar da aka yi ruwan farko, saba biyu na gidan Malam Ja'afaru a Limancin Kona suka daina jin juna.

Ga wanda bai sani ba, saba babbar kwamfuta ce da ba a zama gabanta ana danne-danne. Aikinta ta riƙe kaya ta miƙa wa sauran. Ɗaya tana cikin tsohon soron ƙofar gida, inda littattafan kakanni suke, rubutun hannu, wasu tun kafin Bature ya tako Zazzau. Shekara uku aka yi ana ɗaukar su hoto shafi-shafi ana zuba mata. Ɗayar tana can bayan gida, a sabon ginin makaranta na bulo, inda ɗalibai ke buɗe hotunan su yi karatu ba tare da hannun kowa ya taɓa takarda ba. Malam Ja'afaru ya ce bai yarda a haɗa su da intanet ba, littafin gidansu ba zai je yawon duniya yana raye ba. Saboda haka igiya ɗaya ce tsakaninsu, wani kebur shuɗi mai tsawon taku tamanin, ya huda bangon soro, ya ratsa cikin gida, ya ɓulla makaranta. Ɗan autan Malam ne ya ja shi da hannunsa kafin ya tafi karatu Masar.

A duk mazan unguwar, mutum ɗaya ne ya san abin da ya faru tun ranar farko. Bahago magini.

Sunansa na yanka Sani, amma in ka shiga birni kana cigiyar Sani magini wuni za ka yi. Shekararsa hamsin da takwas. Ubansa, Ashiru Magini, shi ya gina soron nan, ya ɗaure bakan rufinsa, ya jera azara, ya yi zanen da ke goshin ƙofa da ɗan yatsa da bayan cokali. A zamanin Ashiru, in bazara ta kama, daga Ƙofar Gayan har Kwarbai ba ka jin komai sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da shi. Jakuna na sauke jar ƙasa, ana kwaɓi da ƙafa, ana jefa curi sama wanda ke kan tsani yana cafewa, fura na fitowa daga cikin gida a ƙwarya an rufe ta da faifai. Gida talatin da wani abu suke yi wa yaɓe kafin ruwa ya sauka, kuma ba gidan da ake zuwa roƙon aiki, aike ake yi musu. Bahago ya gaji gidajen nan duka. Siminti ya yi ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Uba ya rasu, 'ya'ya su raba gado, kafin a yi sadakar arba'in ka ga tifa ta juye yashi a ƙofa. Da haka da haka har ya rage saura gidan Malam Ja'afaru kaɗai.

Gidan Malam kuwa ba a shiga. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa shigifa, ko likita ne sai dai a fito masa da mara lafiya. Mutum ɗaya aka ware: magini, kwana huɗu a shekara, lokacin yaɓe. Kakan Malam ne ya ba kakan Bahago wannan izini, ba a rubuta shi a ko'ina ba, ba a kuma taɓa sake maganarsa ba. Sai ya yi sallama sau uku, mata su shige ɗaka, ya shiga kansa a ƙasa. Bahago ba shi da mota, bai je Makka ba, amma ya taka inda kwamishinoni ba su taka ba, kuma wannan ya ishe shi tinƙaho.

To a bazarar nan, wata ranar Alhamis, yana kankare tsohon yaɓen katangar da ta raba sashen Hajiya Sailuba, matar Malam, da madafa. Kebur ɗin ta jikin katangar yake bi. Ƙusoshinsa sun saki, ya sauko ya yi ciki, domin matan gidan sun daɗe da mayar da shi igiyar shanya. Fartanya ta zame. Ya ji wani ɗan "tas". Ko da ya duba, kebur ya rabu biyu.

Ba tsoro ya fara ji ba, mamaki ya fara ji. Ya zaci waya biyu zai gani irin ta lantarki, sai ga guda takwas sirara kamar gashin masara, an murɗa su biyu-biyu, kowace da launinta. Shi kuwa mutum ne da ke gyara rediyonsa da kansa. Ya ciro reza daga aljihu ya fere bakunansu, ya haɗa ruwan goro da ruwan goro, kore da kore, shuɗi da shuɗi, mai ratsi da mai ratsi, ya murɗe kowanne, ya yayyaga ledar burodi ya naɗe su ɗaya-ɗaya. Ƙullin ya fito da muni, kamar ƙari a wuya. A wurin magini kuwa, duk abin da ya yi muni a jikin bango maganinsa ƙasa. Ya yi wa katangar 'yar hanya daga farko har ƙarshe, ya kwantar da kebur a ciki, ya yaɓe, ya shafe. Har yana yaba wa kansa, ai yanzu ba mai sake rataya masa zane.

"Ɗan Ashiru, me ka taɓa ne?" Hajiya Sailuba ce daga bayan asabarinta. Ita ta daɗe da wuce shekarun ɓuya, tun yana yaro ta san shi.

"Gyara ne, Hajiya."

"To. Allah ya sa gyaran ne."

Alhamis da Juma'a ba karatu, ba wanda ya lura. Ranar Asabar ya zaga ta bayan gida ya leƙa tagar makaranta, ya ga ɗalibai sun duƙufa, tsohon rubutu na haskawa a gabansu. Ya ce alhamdu lillahi, ya kama gabansa. Abin da ya manta shi ne indararon ɗakin Hajiya a daidai wurin yake zuba.

Washegarin ruwan farko aka kira Suhail, injiniyan da ya kafa sabar duka biyu, mutumin Samaru, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai yawan fara'a. Ya sauka daga Keke Napep wajen azahar, rana ta take. Ya tarar da Bahago a zaure, domin al'adar magini ce in an yi ruwan farko ya zo ya duba aikinsa.

"Baba Bahago, sannu da hutawa."

"Injiniya, ina hutu? Me ya sami mutanen naka?"

"An ce sun yi gaba jiya. Bari mu ji ta bakinsu."

Ya shiga soro, Bahago ya bi shi ya tsaya bakin ƙofa. Suhail ya buɗe laftof, ya fito da wani baƙin allo, ya rubuta 'yan kalmomi. Layuka suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kuma mene ne?"

"Sallama nake aikawa, Baba. Ta nan tana ce wa ta makaranta, kina nan? Waccan tana cewa ina nan. Ga shi duk tana amsawa, ko ɗaya bai faɗi ba. Irin ciwon nan ne da ke gudu in ya hango likita."

Ya duba lambar adireshin kowace, ko wani ya ba su lamba ɗaya sun rikice. Lafiya lau. Ya duba saitin tsaro, ko wani ɗalibi mai ƙaiƙayin hannu ya rufe wata ƙofa. Ba wanda ya taɓa. Ya buɗe inda sabar ke rubuta abin da ya same ta, ya ga ta rasa 'yar'uwarta ƙarfe huɗu da minti ashirin na jiya, ta sake samunta da hantsin yau.

"Ƙarfe huɗu aka fara ruwa," in ji Bahago. Bakinsa ne ya riga shi.

"To ƙila tsawa ce ta girgiza wuta," in ji Suhail. Ya rufe laftof.

Bahago ya koma gida yana gaya wa kansa tsawa ce.

Ruwa na biyu, abin ya dawo. Suhail ya canza ɗan akwatin da ke raba layi. Ruwa na uku, ya buɗe cikin sabar soro ya sa mata sabon katin netwok, inda bakin kebur ke shiga. Kullum in ya iso rana ta riga shi yin aiki, katanga ta sha iska, sallama na tafiya tana dawowa, ya tsaya yana sosa ƙeya. Kullum kuma Bahago na zaure. Ba wanda ya kira shi. Ƙafarsa ce ke kawo shi, kamar yadda harshe ke komawa kan haƙori mai ciwo.

Rannan Suhail ya yi dabara. Ya hango hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi, ya taho bai jira kira ba, ya zauna a soro ya saki sallamarsa tana ta tafiya. Ruwa ya kece bayan la'asar. Minti goma, lafiya. Minti ashirin, ta amsa biyu ta yi shiru uku. Can sai shiru gaba ɗaya.

"Yauwa! Yau na kama ka."

Ya zaro gajeren kebur daga jaka ya haɗa laftof da sabar soro kai tsaye. Ta amsa tas. Ya cusa laftof a cikin riga ya fita cikin ruwa, ya zaga ta lungu, tunda ba dama ya ratsa gida, ya gwada ta makaranta. Ita ma ta amsa. Ya maƙala wani ɗan abu a bakin dogon kebur ta can, ya dawo a jiƙe sharkaf ya sa testa, 'yar na'urar gwada kebur, a bakinsa ta nan. Fitilu takwas ya kamata su kama bi da bi. Shida suka kama.

"Baba, saba ba su da laifi. Kebur ne. Ruwa na samunsa a wani wuri."

Bahago ya matso. "A ina?"

"Testar tawa ta talaka ce. Ta san an ji ciwo, ba ta san inda ciwon yake ba. Sai an bi shi da ido."

Suhail ya je ya durƙusa gaban Malam Ja'afaru ya nemi izinin bin kebur ta cikin gida, minti goma kacal. Malam ya ɗago daga littafinsa, ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam Suhailu, ba raina ka na yi ba. Gidan nan ba a shiga. Bari Zaharaddini ya zo ya duba maka."

Alhaji Zaharaddini shi ne babban ɗan Malam, ma'aikacin gwamnati a Kaduna. Ba mugu ba ne. Yana saurayi ya ga ɗakin ƙasa ya rufta kan littattafan kawunsa a wata marka, aka yi ta tsamo takardu a cikin laka kamar ana tsamo ganye, kuma tun daga ranar ya tsani ginin ƙasa. Ya daɗe yana so a sauke soron nan a yi na bulo da na'urar sanyaya ɗaki. Ya zo ranar Asabar, ya shiga cikin gida ya zaga, ya fito yana kakkaɓe hannu. Bai san da can kebur a fili yake ba, sai ya ɗauka haka ƙanensa ya ja shi.

"Ciki lafiya lau, a rufe yake ruf, ba inda ya fito balle ruwa ya taɓa shi. Saura ina? Saura bangon soron nan da ya huda. Baba, bangon nan shan ruwa yake. Yau waya, gobe littafi."

"Alhaji, bangon nan a bushe yake," in ji Bahago daga inda yake zaune. "Sa hannunka ka ji."

"Bahago, kai ka yi yaɓen. Me za ka ce dama? An taɓa jin mai nono ta ce nononta ya yi tsami?"

"Ni dai ban ce soro ba ne, Alhaji," in ji Suhail. "A ba ni dama in haɗa sabon kebur, kai ka ja shi ta ciki, a huta."

"Ka ce ba soro ba ne?"

"Ban ce ba."

"To ka gani. Ni ba waya ce ta dame ni ba, waya a kasuwa take. Littafin kakan Baba a wace kasuwa ake sayar da shi?"

Wannan maganar ita ta sami Malam Ja'afaru. Ya daɗe yana kallon akwatunan littattafan da ke jere a jikin bango. Can ya ce, "A ba ni zuwa Asabar mai zuwa. In ba a ga wani dalili ba, a kwashe littattafai a kai makaranta, soro kuma ka yi yadda ka ga dama da shi."

Ranar Talata Bahago ya tsaya a shigifa ya yi sallama, ya ce a gaya wa Hajiya yana gaisuwa. Ta zo ta zauna a bayan labule, yana jin ƙarar carbinta.

"Ɗan Ashiru, ka rame."

"Zafi ne, Hajiya."

"Zafi a damina? To. Na ji an ce za a sauke soron ubanka."

Ta ci gaba da magana.

"Kullum aka yi ruwa ina zaune ina kallon indararona yana zuba a kan gyaran nan naka. Wurin har ya yi baƙi."

"Hajiya, kin gaya wa wani?"

"Wa ke tambayar tsohuwa? Zaharaddini ya shigo ya wuce ta gabana da takalminsa mai ƙara, ko kallon katangar bai yi ba. Da ya tambaye ni da ban yi masa ƙarya ba. Amma ba zan kai ƙararka ba, domin in ɓera da sata daddawa ma da wari, mu muka yi ta rataya masa wanki har ya sauko. Maganar taka ce."

"In na faɗa, kin san Malam."

"Na san shi shekara hamsin da biyu. Kai ma ka san shi. Ba zai yi faɗa ba, wannan ce matsalar." Ta ja carbi. "Ranar da ubanka ya gama bakan soron nan ina amarya. Ya sauko daga tsani ya ƙi cin abinci, ya zauna yana kallon sama kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na aika masa da fura ya manta da ita har ƙuda ya faɗa. Tashi ka tafi, ina da aiki."

Bai tafi gida ba. Ya shiga soron ya zauna a ƙasa, sabar na ta ɗan gurnaninta a gefe. A waje rana kamar ta fasa kai, a ciki kuwa sanyi kamar bakin randa, shi ya sa ma tun farko Suhail ya zaɓi a ajiye ta nan. Ya ɗaga kai ya bi bakan nan huɗu da ido har inda suka haɗu a tsakiya. Ya tuna ubansa yana cewa ginin ƙasa kamar doki ne, in kana shafa shi kullum zai kai jikanka, in ka juya masa baya shekara biyu ya kwanta. Yanzu a cikin birni wa ya rage da zai iya ɗaure baka irin wannan? Shi kansa Bahago yaɓe ya iya da gyara. In aka sauke shi an sauke ke nan.

Lissafin a fili yake, ko jaki zai iya shi. In ya yi shiru, sunansa na nan, soro ya tafi. In ya yi magana, soro na nan, shi kuma Allah ne ya san abin da Malam zai ce. Ya kwana huɗu yana juya abin, yana neman hanya ta uku. Babu.

Asabar da hantsi suka haɗu a zaure: Malam a kan buzunsa, Alhaji Zaharaddini na amsa wayar mai bulo, Suhail a gefe da jakarsa. Bahago ya shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa. Bai iya kwana-kwana ba, bai kuma gwada ba.

"Allah gafarta Malam, ni na yanke kebur."

Zaharaddini ya sauke waya daga kunne.

"Da fartanya, ranar yaɓe, a katangar Hajiya. Na ƙulla shi na binne. Indararo na zuba a wurin. Soro ba ruwansa."

"Ka ƙulla?" in ji Suhail. "Da me, Baba?"

"Da hannu. Da ledar burodi."

"Inna lillahi! Baba, sati biyar! Ka ga na fita cikin ruwa da laftof a ciki kamar mai juna biyu, kana zaune kana kallona!"

"Ina kallonka."

"Bahago, ko dai don ka ceci soron ka ƙirƙiro wannan?" in ji Zaharaddini.

"Mu je in nuna maka."

Malam Ja'afaru ya dubi Bahago. Sannan ya ce wa ɗansa, "Shiga ka ce su shige ɗaka. Ka raka shi."

Raka shi. Tun zamanin kakansa ba a taɓa raka magini a gidan nan ba. Bahago ya ji kalmar, ya haɗiye ta, ya yi sallama sau uku ya shiga.

Bai yi lalube ba. Ya kai hannu daidai ƙarƙashin indararo ya ɓanɓare ƙasar da yatsa, don ta yi laushi kamar tuwon jiya. Ƙullin ya fito. Ledar ta cika da ruwa, wayoyin sun yi kore shar, biyu sun rube sun rabu. Zaharaddini ya yanko shi da wuƙar madafa, suka fito da shi zaure a tafin hannu kamar an ciro ƙaya.

Suhail ya juya shi, ya sake juyawa, dariya ta ƙwace masa ba da niyya ba.

"Wallahi Baba launukan duk ka dace, har masu ratsin. Akwai masu digiri da ba za su iya ba. Amma wannan ba wayar rediyo ba ce, ba a ƙulla ta. In ta yanke sai a kira ni, aikin rabin awa ne."

Aikin rabin awa. Bahago ya ji wannan ma.

Suhail ya auno sabon kebur daga naɗinsa, ya zura shi cikin siririn bututun roba, ya matse masa kai a zaure, ya miƙa musu bakin ta shigifa. Bahago da Zaharaddini suka ja shi ta cikin gida, suka bi da shi nesa da indararo, suka kafe shi sama inda hannun mai shanya ba ya kai. Suhail ya zaga ta lungu ya tarbe shi a makaranta. Fitilu takwas suka kama. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, suna zaune su huɗu a soro suna kallon baƙin allon nan, sallama na tafiya tana dawowa, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Zaharaddini ya tashi ya shafa bango daga sama har ƙasa, ya dubi tafinsa, ya koma ya zauna. Ya fiddo waya ya ce wa mai bulo a dakata.

Da ruwa ya tsagaita Malam ya gyara zama.

"Sani."

Rabon da wani ya kira shi da wannan suna tun rasuwar uwarsa.

"Allah gafarta Malam."

"Yankewa ba laifi ba ce, fartanya ba ta da ido. Da ka fito ranar ka ce na yi ɓarna, da addu'a zan yi maka. Amma ka binne. Ka zo ka zauna a zaurena sati biyar kana kallon bawan Allah nan yana wahala, ɗalibai suna komawa gida ba karatu. A zamanin kakanka magina sun fi ɗari a birnin nan, akwai waɗanda suka fi shi hannu. Ba don hannu aka ba shi izini ba. An ba shi ne don in ya shiga ya fito ba sai an bi bayansa an duba ba."

"Haka ne."

"Soro zai tsaya. Yaɓen baɗi kuwa, a nemo wani."

"Baba, ai shi ya faɗa da bakinsa," in ji Zaharaddini. Har shi abin ya yi masa nauyi.

"Ya faɗa. Shi ya sa in ya yi sallama zan amsa, in ya zo zaure zai zauna, in na riga shi mutuwa ina so ya sa hannu a kabarina. Amma shigifa ce iyakarsa."

Bahago bai roƙa ba. Ya san mutumin, ya kuma san da shi ne a kan buzun haka zai yanke. Ya ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya yi wa Suhail sallama ya ce ya yafe masa, ya sa takalminsa ya fita.

Da bazara ta zagayo, wani magini aka ɗauko daga ƙauye ya yi wa soro da zaure yaɓe ta waje. Na ciki kuwa 'ya'yan gida suka yi abinsu da siminti. Bahago yana can wajen Ƙofar Gayan a wani bene da ake yi, yana ɗaukar kwano a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da bai kai ɗan cikinsa ba. Simintin ya tsattsage masa tafin hagu, sai ya shafa man kaɗe kafin ya iya riƙe buta. A wurin ba wanda ya san shi magini ne. Baba lebura suke ce masa.